Ɗan Wanzami a Filin Kurket

Jikanyata ce ta ja ni ga wannan rubutu. Wata ranar Asabar muna cin tuwo, sai ta kama hannuna na hagu ta ɗaga manunin yatsana sama, ta ce, "Kaka, wai da wannan karkataccen abin ka yi shekara da shekaru kana yanka mutane?" Na ce, "Amarya, in kin raina yatsan nan, ga hanya nan, ki nemi wani mijin." Aka yi dariya aka watse. Da na kwanta sai barci ya ƙi zuwa, don na san bashin amsa na nan a kaina, kuma amsar ta faro tun kafin yatsan ya karye da shekaru masu yawa.

An haife ni a birnin Zariya a 1957. Mahaifina wanzami ne, kakana ma haka. Tun ina ɗan shekara bakwai nake rataya zabirar Baba ina bin sa gidajen suna. Har yau in na rufe ido ina ganin abin da ke cikinta: asake manya da ƙanana, ƙahoni, 'yar tsaga, hantsaki, dutsen washi, da ƙullin garin bagaruwa. Aikina na farko shi ne riƙe kai. In zai yi wa jariri askin suna ko zai cire beli, ni ke tallafe kan, shi kuma ba ya ɗaga aska sai ya ga hannuna ya daina motsi. Wani lokaci mukan daɗe a haka, mata na jira, maroƙa na ta ihu a ƙofar gida, shi ko a jikinsa.

Lokacin hunturu ne kakarsa, don a sanyi ake yi wa yara kaciya. Sai a tara yara goma ko fiye a zaure ɗaya. Daga ranar da ya yanka su har su warke, Baba ba ya fita garin. Safe da yamma yana zagaya su, da dare kuma yana kwana da rigarsa a jiki saboda masu buga ƙofa. Akwai shekarar da ƙanwarsa ta aurar da 'ya a Kaduna, ya aika da gudummawa ya ƙi zuwa, ta yi wata uku ba ta yi masa magana. Na taɓa raka shi cikin dare wurin wani yaro da jini ya ɓalle wa. Ya durƙusa ya danne wurin da babban yatsa, ina riƙe da fitilar ƙwai, har ladan ya yi kiran farko. Ko gyara zama bai yi ba.

A 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, na shiga sakandaren gwamnati ta kwana. A nan na fara ganin kurket. Makarantun Arewa sun gaji wasan ne daga Turawa tun zamanin Kwalejin Katsina, tare da wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu wanda Sardauna ya ƙware a kai. A zamaninmu Turawan sun ragu, malaman Pakistan da Indiya ne suka riƙe abin. Namu malamin lissafi ne, ɗan Lahor, siriri mai gashin baki, wanda in ka kasa lissafi zai yi maka uzuri amma in ka saki ƙwallo a fili sai ya yi mako yana kallon ka kamar ka ci amanarsa.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. A tsakiyar fili ana kafa turaku uku nan, uku can, tsakaninsu yadi 22. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya wulwula hannu ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannu ba, ya saki ƙwallon ya daki ƙasa ya nufi turaku. Mai bugu na tsaye da faffaɗar sandar katako yana kare su. In ya buga, shi da abokinsa su yi musayar wuri a guje, maki ɗaya ke nan. In ƙwallon ya gangara har iyakar fili maki huɗu, in ta sama ya tsallake shida. In kuwa ya daki turaku, ko wani ya cafe shi kafin ya taɓa ƙasa, mai bugu ya fita, sai na gaba. Mu ba mu da ciyawa, doguwar tabarma ta zaren kwakwa muke shimfiɗawa a kan jar ƙasa mu kafe ta da ƙusoshi.

Ƙwallon kansa ja ne, na fata, da ɗinki layi shida a tsakiyarsa kamar aikin ƙwararren baduku, nauyinsa wajen giram 160, taurinsa kamar goriba. Malam ya lura ba ni da ƙarfin jifa, bugu kuma sai a hankali, amma ina iya tsayuwa wuri ɗaya ba na gajiya. Sai ya ajiye ni a bayan mai bugu, gefen mai tsaron turaku, inda ƙwallo ke zuwa in ya gogi gefen sanda. Wurin nan ba shi da wani aiki sai jira. Za ka durƙusa sau ɗari, sau ɗari biyu, ka buɗe hannu, ka miƙe ba komai. Can da la'asar, ƙafa ta yi tsami, hankali ya tafi ga tuwon dare, sai ga shi kamar harsashi. Na farko da na cafe, sanyin hunturu ya riga ya busar mini da fata, tsakanin yatsuna ya tsage, jini na zuba, ina dariya. Da na je hutu na ba Baba labari, ya tambayi nawa ake biya. Na ce ba a biya. Ya tambayi wa ya ci. Na ce an wuni biyu ana yi, an tashi babu wanda ya ci. Ya ce, "Allah ya shirya."

Karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello na yi, na gama a 1981. Shekarun nan ba su da dogon labari: littafi, ɗakin gawa, zagayen marasa lafiya a Tudun Wada da Kaduna da Malumfashi, sai bautar ƙasa. Tun ranar da na fara shiga ɗakin tiyata na san nan ne wurina, don abin da ake nema ga ƙaramin likita a can shi ne abin da Baba ya koya mini: riƙe nan, kada ka motsa. Kurket kuwa ban bari ba. Duk Asabar ɗin rani in na sami sarari sai Kaduna, inda muke haɗuwa da tsofaffin ɗaliban kwalejoji, da hafsoshin soja, da Indiyawa da 'yan Sirilanka masu aiki a masaƙun Kakuri. Kowa da aikinsa. Mu muke haɗa kuɗin ƙwallo da na lemo daga aljihunmu. Na yi aure a 1985, uwargida kuma ba ta yi wata biyu a gidan ba ta raɗa wa jakar kayan wasan suna kishiya.

A 1987 aka tura ni wani babban asibitin gwamnati a wani gari mai tafiyar kamar awa uku daga Kaduna. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ni kaɗai ne mai iya buɗe ciki a wurin. Akwai ƙananan likitoci biyu da ba su daɗe da fitowa ba, da wani dattijon nas mai ba da maganin barci, da janareto mai ciwon asma. Gwaiwa, ƙaba, haihuwar da ta gagara, hanjin da ya murɗe, wanda saniya ta soka, wanda mota ta buge, duk ni ne.

Wata Asabar a cikin Janairun 1988 aka sa wasa a Kaduna. Na duba marasa lafiya daren Juma'a, na ga kowa lafiya lau. Na ce wa ƙaramin likitan da ke bakin aiki zan je in dawo kafin magariba. Ban nemi izinin kowa ba, ban kuma nemi wani likitan fiɗa daga garin da ke kusa ya riƙe mini ba, ko da yake na san wanda zan roƙa. Bayan sallar asuba na tayar da Fijo 504 ɗina na kama hanya.

Ban taɓa yin wasa mai kyau kamar na ranar ba. Na cafe uku, na ci maki 41, wanda shi ne mafi yawa da na taɓa ci a rayuwata. Da aka tashi wani abokinmu ya ce sai mun je gidansa mun ci shinkafa, na ce to, ai rabin awa ne. Rabin awa ta zama biyu. A hanya taya ta fashe, safaya kuma ba iska. Sai ƙarfe sha ɗaya na dare na shiga garin, ko gida ban biya ba, don maigadin asibiti ya tare ni a bakin titi da tocila.

Yaro ne ɗan shekara goma sha biyu. An kawo shi daga ƙauye a bayan a-kori-kura da misalin ƙarfe goma na safe. Mako uku yana zazzaɓi, kwana biyu da suka wuce ciki ya ɗaure. Ina ɗora hannu na ji cikin ya ƙame kamar allo. Taifot ne ya huda hanji, kamar yadda yakan yi a mako na uku, can ƙarshen ƙaramin hanji, abin da ke ciki ya tsiyaye cikin kogon ciki. Ƙaramin likitan ya yi duk abin da ya kamata: ya ɗaura ruwa, ya ba da kuloramfenikol, ya sa roba ta hanci. Wayar asibiti ta daɗe da mutuwa, wayar hannu kuwa ba a san ta ba a lokacin. Har ya ba wani direban tasha takarda ya kai gidan yayana a Kaduna, takardar ta isa bayan na taso.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. 'Yan kurket suna goga ƙwallo a cinyar wando don gefe ɗaya ya yi sheƙi, jan fatar kuma yana barin tabo a farin wando. Ban canza kaya ba. Uban yaron, wani manomi mai furfura a gemu, ya taso daga kan tabarmarsa a baranda, ya dubi jan da ke cinyata, ya rusuna ya ce, "Sannu da ƙoƙari, likita, ranka ya daɗe. Ashe daga wani aikin kake. Allah ya ba da lada." Na buɗe baki, na rufe. Na ce, "Amin, Baba."

Ƙarfe ɗaya na dare muka buɗe shi. Huda biyu na samu. Na gyara bakinsu, na ɗinke, muka wanke cikin da ruwan gishiri har abin da muke da shi ya ƙare. Ya farfaɗo, ranar Lahadi har ya nemi ruwa. Asubahin Litinin ya cika. Uban ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce kwanansa ne ya ƙare, mun yi iyakar yinmu, Allah ya saka da alheri.

Na yi lissafin nan sau dubu. Awa goma sha biyar tsakanin isowarsa da saka wuƙa. A cire huɗu zuwa shida, waɗanda ko ina nan sai an ba shi ruwa ya ɗan dawo kafin a taɓa shi. Ragowar tara zuwa goma sha ɗaya nawa ne. Gaskiya ne yaran da ake kawowa kwana biyu bayan huda da yawansu ba sa tashi ko da an yi musu aiki nan take, abokan aikina kuma sun yi ta gaya mini haka. Na yi imani da ajali. Amma ajali na Allah ne, awa taran nan kuwa ni za a tambaya.

Bayan mako biyu na je Zariya. Na tarar da Baba a zaure yana wasa aska. Na zauna a ƙasa na ba shi labari duka, har da wandon. Bai ɗago ba. Ya ce, "Albashin watan nan, ka karɓa?" Na ce na karɓa. Ya ce, "To, kowa ya ci ladan kuturu." Bai ƙarasa ba, ya gwada askar a gashin hannunsa. Can ya ce, "Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa yanka ɗan mutum na bar gari ba." Na ce, "Baba, ai ban riga na taɓa shi ba lokacin da na tafi." Sai a nan ya dube ni. Ya ce, "Ni yara goma ake ba ni. Kai gari guda aka ba ka."

Na jefa jakar a sito. Da muka tashi ƙaura bayan shekaru, gara ta cinye sandar, sai robar mariƙin.

Baba ya rasu a 1991. Lokacin tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya riga ya karya darajar naira, asibiti ya koma wurin da ake rubuta wa majinyaci ya sayo safar hannu da zaren ɗinki da auduga kafin a taɓa shi. Abokan karatuna suka watse, wasu Saudiyya, wasu Amurka. Ni ma a 1993 na bi sahu zuwa Birtaniya, kuma ba zan yi ƙaryar cewa don ƙarin ilimi kawai na tafi ba. Ranar da na ci jarrabawar kwalejin likitocin fiɗa ta Edinbara, wata nas ta kira ni Mista maimakon Dakta, na ɗauka raini ne. Sai aka bayyana mini cewa a ƙasar nan likitan fiɗa in ya ƙware Mista ake ce masa, saboda asalin sana'ar ta wanzamai ce. A Landan ƙungiya ɗaya ce ta haɗa masu aski da masu fiɗa tun 1540, ba su rabu ba sai 1745. Su ma suna aski, suna tsaga su zubar da jini, suna cire haƙori. Sandar nan mai ja da fari da ke ƙofar shagunan askinsu, jini da bandeji take nufi. Na shiga banɗaki na yi ta dariya har hawaye suka zo, don na yi shekaru a jami'a ina ɓoye sana'ar gidanmu.

A 1996 na sami aiki a Biristol. Muka zauna kusa da unguwar Easton saboda masallacin da ke titin St Mark's da shagunan naman halal na titin Stapleton. Wata rana ina zagaye, wani tsoho da na yi wa aikin gwaiwa ya kama ni ina leƙen talabijin ɗin ɗakin, ana nuna wasan Ingila. Ya ce ya ga yadda na lanƙwasa gwiwa lokacin da mai jifa ya taso, wannan ba tsayuwar ɗan kallo ba ce. Da ya ji inda nake zaune sai ya ce, ashe a titin Dakta nake sayen nama. Na ce wane Dakta? Ya dube ni kamar na ce ban san Sarauniya ba.

W. G. Grace yake nufi, mutumin nan mai ƙaton gemu wanda Turawan Ingila ke ɗauka uban kurket na zamani. An haife shi a 1848 a Downend, nan bayan garin Biristol, a gidan likitoci: uban likita, 'yan'uwansa maza ma hanyar da suka bi ke nan. Ya yi kaka 44 yana buga babban kurket, daga 1865 zuwa 1908, ya tara maki sama da 54,000. A watan Agustan 1876 ya ci 344 da 177 da 318 a jere cikin kwana takwas. A 1880 shi da 'yan'uwansa biyu suka buga wa Ingila wasa ɗaya da Ostireliya a Landan, ya ci 152, bayan mako biyu kuma ƙaramin cikinsu, Fred, ya mutu da ciwon huhu yana da shekara 29. Karatun likita kuwa, wasa ya ja masa shi har shekara goma sha ɗaya. Ya shiga makarantar likitoci ta Biristol a 1868, bai sami shaidar kwalejin likitocin fiɗa ba sai 1879, yana da shekara 31. Daga nan ya buɗe wurin duba marasa lafiya a titin Stapleton, unguwar talakawa a wancan zamani kamar yadda take a yau, ya kuma zama likitan hukumar kula da matalauta. Aikinsa ɗinkin rauni ne, da ɗorin karaya, da fasa ƙurji, da karɓar haihuwa. In ka cire takardar shaida, bai yi nisa da zabirar Baba ba.

Labarinsa da ya fi kama ni ya faru a 1887 a Old Trafford, filin kurket na Manchesta, wanda ke kusa da na ƙwallon ƙafa da yaranmu suka sani. Wani ɗan wasan ƙungiyarsa ta Gloucestershire mai suna Arthur Croome ya bi ƙwallo a guje ya faɗa kan shingen ƙarfe mai tsini, ya yage maƙogwaro. Grace ya haɗa bakin raunin da yatsunsa ya riƙe kusan rabin awa, ana ta neman allurar ɗinki. Croome ya rayu, shi da kansa ya ba da labarin daga baya, ya ce hannun bai yi rawa ba ko sau ɗaya, alhali mutumin ya wuni yana jifa a fili. Duk wanda ya taɓa danne jijiya na minti goma ya san yadda yatsu ke mutuwa, kafaɗa ta ɗau wuta. Ina karantawa ina ganin babban yatsan Baba da fitilar ƙwai.

Sai dai da na ƙara tonawa na ga wani abu. A Ingila ta wancan zamani 'yan kurket kashi biyu ne: masu yi don sha'awa, waɗanda ake kira 'yan gidan girma, da masu yi don albashi. Ɗakin canza kayansu daban, a wasu filayen har ƙofar shiga daban, kuma ba a soke wannan bambanci ba sai a 1962. Grace a rubuce ɗan sha'awa ne, amma babu ɗan albashin da ya kai shi samu. Fam 1,500 ya karɓa don zuwa Ostireliya a 1873, wajen ninki goma na abin da aka ba kowane ɗan albashi a tafiyar. Da ya koma a 1891 fam 3,000 ya karɓa. A 1895, shekarar da ya cika sau ɗari yana cin maki ɗari a bugu guda, jama'a suka tara masa sama da fam 9,000. Turawa har yau suna masa tsiya a kan wannan, suna cewa ɗan sha'awar bogi ne, kuma suna da gaskiya, mutumin yana son kuɗi. Ni abin da na tsinta a ciki daban ne. Cikin abin da yake cajin masu shirya wasa har da ladan likitan da zai zauna a madadinsa. Duk bazara in ya ɗauki sanda, akwai wanda ke zaune a titin Stapleton yana duba matan da ke naƙuda. An ce taura biyu ba ta taunuwa, shi ya tauna, amma da haƙoran haya. Ni na tafi Kaduna ban bar kowa ba.

Likitancin nasa bai hana shi ɗanɗana abin da uban yaron nan ya ɗanɗana ba. 'Yarsa Bessie taifot ne ya kashe ta a 1899 tana da shekara 20, kusan shekara hamsin kafin a sami kuloramfenikol. Babban ɗansa ya mutu a 1905 bayan aikin afendis, aikin da ni na yi ɗaruruwa ba tare da na ɗauke shi komai ba. Na je Downend wata Lahadi, na zauna a bakin filin da ke ɗauke da sunansa, jikin cocin da aka binne iyayensa. Wasu ƙattin tsofaffi masu tumbi suna wasa, ɗaya ya saki ƙwallo mai sauƙi, na ji bakina ya ce "kash" da Hausa.

Na koma fili a 1997, ina da shekara arba'in, a ƙungiya ta uku ta wani ƙauye, tare da mai gyaran famfo, da malamin firamare, da direban tasi ɗan Kashmir. Kafin in yarda na gaya wa uwargida komai, don ita ma ba ta san zancen wandon ba sai ranar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ka je. Amma in ka sake fita ba ka bar kowa ba, ni zan kai ƙararka." A nan akwai jadawalin kira, likitocin fiɗa da yawa suna karɓa-karɓa. Duk da haka kowace Asabar sai na rubuta sunan wanda ke bakin aiki a 'yar takarda, na buga masa waya na ji muryarsa, na sa takardar a aljihun wando. Abokan aikina sun ɗauka wani camfi ne na mutanen Afirka. Na bar su a haka.

Ita ma uwargida ta biya nata kason, da yara huɗu a gida kowace Asabar ta bazara, a ƙasar da ba kaka ba gwaggo. Mutanen ƙauyen kuma sun yi mini kara. Da suka gane ba na cin naman alade sai matan da ke haɗa shayin tsakiyar wasa suka fara ware mini burodi da ƙwai a faranti daban. Shekarun da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, ana kai awa goma sha takwas ba a sha ruwa ba, kyaftin ɗinmu yakan tura ni inuwar wata bishiya a bakin fili ya ce wai dabarar wasa ce. Duk tsawon shekarun ina jiran ranar da ni ma zan ceci wani a fili kamar Grace. Abin da na samu shi ne haɓo, da targaɗe, da ƙashin wuya guda ɗaya, da mutum ashirin masu son in duba musu gwiwa kyauta.

Yatsan kuwa a 2003 ne. Ƙwallo ya zo ƙasa-ƙasa ta hagu, na makara da ƙiftawar ido, ya daki kan yatsan ya fasa gaɓar tsakiya. Da wani yaro likita ya kama zai ja, sai da nas biyu suka danne ni. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mako shida ban shiga ɗakin tiyata ba. Abokan aiki suka raba jerin majinyatana, amma wasu dole aka ɗaga musu. Akwai wata tsohuwa mai maƙoƙo da ta riga ta sa 'yarta ta ɗauki hutu daga wurin aiki don ta yi jinyarta. Wannan karon na je da kaina, hannu a naɗe, na gaya mata a filin kurket na karye. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To, ka dai cafe?" Na ce na saki. Ta ce wannan ne ba za ta yafe ba. Daga ranar na bar tsayuwa kusa da sanda, na koma can bakin fili inda ƙwallo ke isowa a gajiye. Yatsan ya warke a karkace, na koyi ɗaure zare da na tsakiya.

Na ajiye wuƙa a 2021, bayan korona, da na lura hannun dama ya fara ɗan rawa in na ɗaga kofin shayi. Babu wanda ya gani tukuna, ban kuma jira a gani ba. A 2019 na je garin nan da na yi aiki, na tambayi ƙauyen, aka ce dattijon ya daɗe da rasuwa. Ya tafi yana zaton jini ne a wandona. Bayan Baba da uwargida, babu wanda na taɓa gaya wa sai yau. Da yaron ya rayu, da yanzu ya kai hamsin.

Yanzu alƙalancin wasan yara nake yi, da farar riga irin wadda na yi shekara arba'in ina sawa a asibiti. Alƙalai suna ƙirga jifa shida-shida da tsakuwa ko tsaba, ni ƙwallayen dabino shida nake juyawa daga aljihu zuwa aljihu. Jikanyar tawa tana buga wa 'yan mata 'yan ƙasa da shekara goma sha uku. Tun da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da goma sha tara suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Maleshiya a Janairun 2025 ta ce ita Najeriya za ta buga wa, ko da yake Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. A wasansu na ƙarshe a bazarar da ta wuce ƙwallo ya dake ta a ƙwauri daidai gaban turaku, 'yan ɗaya ɓangaren suka yi ihu suka juyo gare ni. A dokar wasan, alƙali manuni yake ɗagawa in mai bugu ya fita. Hannun dama yana rawa, don haka na hagu na ɗaga. Ta tsaya ta dubi yatsan, ta bi inda ya karkata da ido, ta ce wai yarinyar da ke tsaye can gefe na nuna. Sai da na sake ɗagawa sannan ta saɓa sandarta ta fita, a mota kuma har muka iso gida ba ta ce mini uffan ba.